Hawan keke a tuddai masu nisa: me ya kamata ka biya, me ya kamata ka bari?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Yamai, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata ga abu ɗaya, wato tafiye-tafiyen nan da kamfanonin yawon buɗe ido ke shiryawa, inda jagora ke ɗaukar ayarin masu keke ya ratsa da su kan manyan tuddai. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya ta farko, daga wani ma'aikacin banki a unguwar Yantala: "Malam, kowace Lahadi nakan tuƙa keke kilomita 60 a hanyar Kollo, ba na jin gajiya. Na tara kuɗi don in fita waje. Kamfani ɗaya ya ba ni tafiyar kwana 6 a Habasha, za a hau tudun Sanetti a rana ta uku. Wani ya ba ni kwana 9 a tsaunukan Atlas na Maroko, amma ya fi tsada. Zuciyata ta fi karkata ga na Habasha, don tudunsa ya fi tsawo kuma ya fi araha. Wanne zan ɗauka?"

Ɗan'uwa, idan tsakanin waɗannan biyun ne kawai, ɗauki na Maroko. Ba don Habasha ba ta cancanci kuɗinka ba. Sanetti, da ke cikin tsaunukan Bale, wuri ne da ba shi da na biyu a Afirka: fili shimfiɗaɗɗe a sama da mita 4,000, ƙololuwarsa Tullu Dimtu ta kai mita 4,377, ga kuma jan kyarkecin nan da babu shi a ko'ina sai Habasha. A 2023 UNESCO ta sa gandun Bale cikin kayan gadon duniya. Matsalar tana ga lissafin kwanakin da aka yi maka.

Kai mutumin bakin kogi ne. Yamai ba ta wuce mita 200 da ƴan kai ba daga doron teku, kuma da wannan iskar jikinka ya saba. A mita 4,000, numfashi ɗaya yana kawo maka kusan kashi 60 ne cikin 100 na abin da yake kawowa a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki, kuma ƙarfin da ka tara a hanyar Kollo ba ya gajarta waɗannan kwanakin ko da ɗaya. Ciwon tsauni bai san ƙaƙƙarfa ba, bai san rago ba. Sau da yawa ma ƙaƙƙarfan ne yake kamawa, saboda su ne ke hawa da sauri. Yakan fara daga wajen mita 2,500 da ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da ƙin abinci. Idan aka yi taurin kai aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma waɗannan biyun suna kisa cikin ɗan lokaci. Ƙa'idar da likitocin tsauni suka tsayar ita ce: da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a huta yini guda ba ƙarin hawa.

Yanzu ɗora wannan ƙa'ida kan takardar da aka turo maka. Ka sauka Addis Ababa, wajen mita 2,350, ka kwana ɗaya, a kwashe ka a mota zuwa Goba, washegari a ce ka taka feda a mita 4,000. Arahar da ka gani, kwanakin sabon jiki ne aka yanke aka sayar maka da ragowar. Idan ranka na kan Sanetti, rubuta musu ka nemi a ƙara aƙalla kwana uku na tuƙi mai sauƙi a ƙasa kafin a hau, kuma a riƙa saukowa ana kwana a ƙasa. In sun ce ba ya yiwuwa, bar musu kayansu.

A Atlas kuwa, dutsen Toubkal ya kai mita 4,167, amma ba can ake kai keke ba. Yawancin hanyoyin keke suna bin mashigai ne irin Tizi n'Tichka, mita 2,260, a hau da rana a gangara ƙauye a kwana. Ga wanda bai taɓa gwada jikinsa a sama ba, wannan shi ne makarantar da ta dace. Sai dai ka duba wata: Afrilu zuwa Yuni, ko Satumba da Oktoba. A tsakiyar sanyi ƙanƙara na rufe mashigan.

Kafin ka tura ko dala, ka sa su amsa maka a rubuce: mita nawa za a kwana kowane dare, mutum nawa ke ƙarƙashin jagora ɗaya, akwai mota mai bin ayari ko babu, kuma idan wani ya kasa wa zai sauko da shi. Ka karanta takardar inshorarka da kanka, domin da yawa suna da iyakar tsawon da suke biya, wasu kuma ba sa ɗaukar nauyin haɗarin keke a daji sai an ƙara kuɗi. Kada ka raina sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, don haka safar hannu da rigar tare iska ba kayan ado ba ne.

Tambaya ta biyu, daga wata uwa a Tawa: "Ɗana mai shekara 24 ya nace sai ya bi abokansa irin wannan tafiya. Lokacin da aka auna ƙanwarsa aka ce tana da amosanin jini, shi kuma ba a taɓa auna shi ba don bai taɓa ciwo ba. In bar shi?"

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika yi wannan tambaya, domin ita ce wadda kamfanonin waje ba sa tunawa su yi wa mutanenmu. Takardunsu an rubuta su ne da Turawa a zuciya, alhali sikila ta yi yawa a ƙasarmu.

Tunda ƙanwarsa tana da ciwon, ke da mahaifinsu duk kuna ɗauke da ƙwayar gadon, saboda haka akwai yiwuwar shi ma yana ɗauke da rabi, abin da ake kira AS. Mai AS lafiyayye ne, yana iya tsufa bai san yana da shi ba. Amma akwai yanayi uku da idan suka haɗu sukan tayar da abin da ke kwance: ƙarancin iska, aikin ƙarfi, da ƙishirwa. Hawan keke a kan tudu ya tara duka ukun. An sha ganin jini ya toshe a saifar mai AS a wuri mai tsawo, ya fara da ciwo mai tsanani a ƙasan haƙarƙarin hagu, a inda asibiti ke da nisan yini.

Kada ki hana shi da faɗa, zai tafi a ɓoye. Ki ce masa sharaɗinki ɗaya ne: a yi masa gwajin jinin da ke bambance AA da AS da SS. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini, kuma likitanku a Tawa zai faɗa muku inda ya fi kusa. Idan AA ne, sai ki sa masa albarka. Idan AS ne, ya kai wa likita takardar tafiyar mai ɗauke da tsawon kowane zango, likitan ya yanke, kuma jagoran ya sani tun kafin a tashi. Idan gwaji ya nuna SC, wani nau'in amosanin jini wanda shi ma wani lokaci yakan yi shiru har mutum ya girma, to maganar mita 4,000 ta mutu. Akwai maganin da ake sha don rage ciwon tsauni, acetazolamide, amma ba ya taɓa matsalar jini, kuma ba abin saye a tebur ba ne.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibi a jami'ar Abdou Moumouni: "Ina da jika 150. A kasuwar Katako na ga sabon keke mai ƙyalli, mai lotsawa gaba da baya, na kuma ga wani tsoho na hannu, mai lotsawa a gaba kawai, kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zai kai ni tsauni?"

Ƙanena, ɗauki tsohon, in dai jikinsa lafiya. Keke mai lotsawa gaba da baya na gaske yana da tsada ƙwarai, wanda ka gani a wannan kuɗi kamanni kawai ya ara: nauyi gare shi, yana shanye ƙarfin ƙafarka a hawa, kuma ba ya jure gargada. Tafi da mai gyaran da ka yarda da shi. Ku goge ƙurar ku duba duk mahaɗar ƙarfe ko akwai tsaga, musamman ƙarƙashin wuya da gindin sirdi, in akwai ko siririya ce ku wuce. Ku juya ƙafafun ku ga ko suna rawa. Birki ya zama na faifai, domin a gangara mai tsawo shi ne ke riƙewa har ƙasa. Giya kuma, abin nema shi ne mai laushi sosai ta hawa, yawan lambobi ba shi ne ba. Kayan kamfanin Shimano sun fi sauƙin samun canji a nan. Kuma keken ya yi daidai da tsawonka, wannan ba a gyara shi da addu'a.

Kada ka zuba jikan 150 duka a keken. Ware na hular kwano, da sabuwar kaca, da fatun birki na ajiya, da famfo da kayan faci. Abokin gabarka a dajinmu ƙaya ce, ta aduwa da ta bagaruwa da tsidau. In ƙafafun sun yarda, a mayar da tayoyin marasa robar ciki, a zuba musu ruwan nan mai toshe huda da kansa.

Wani kuma ya tambaya a gefe ko zai iya tafiya da kekensa mai batir a jirgi. Ba zai iya ba. Jiragen fasinja ba sa karɓar batirin da ya wuce Wh 160 (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne), na keke kuwa yakan ninka haka sau uku ko fiye. Ya yi haya a can.

Tambaya ta huɗu, daga wasu abokai biyar a Tawa: "Ba mu da kuɗin jirgi. Muna son mu hau Bagzan da kekunanmu. Ɗayanmu yana da taswira a waya, ya ce kuɗin jagora asara ne. Gaskiya ne?"

Ƴan'uwa, wannan wasiƙar ta fi kowace faranta mini rai, domin Abzin, inda Bagzan yake, namu ne, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganinsa da idonsu. Daga Tawa zuwa Agadas ta Abalak wajen kilomita 400 ne. A kan Bagzan ne Idoukal-n-Taghès yake, mita 2,022, wuri mafi tsawo a duk Nijar. A saman akwai ƙauyuka da garake da maɓuɓɓugan ruwa, a gindinsa ga Tabelot mai albasa, in kun ƙara gaba ga Timiya da lemunta da ruwanta mai zubowa daga dutse. A wannan tsawo ciwon tsauni ba kasafai yake damun mutum ba, wannan ma wata riba ce.

Amma abokinku bai yi daidai ba, kuma zan faɗa masa ba kwana-kwana. Taswirar waya tana nuna layi. Ba ta san rijiyar da ta ƙafe bana ba, ba ta san kwarin da ruwan damina ya cinye hanyarsa ba, ba ta jin Tamashek, ba ta san gidan da ya kamata a fara yi wa sallama ba. Kakanninmu da suka yi fatauci da ayarin gishiri ba su taɓa ganin ladan madugu asara ba, kuma su sun fi mu sanin daji. Sannan akwai maganar tsaro. Yankin ya ga tawaye daga 2007 zuwa 2009, an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi a lokacin, kuma ƴan fashi ba su ƙare ba. Halin hanya yana canzawa daga wata zuwa wata, saboda haka labarin da za ku dogara da shi shi ne na makon da za ku tashi, daga bakin hukumomin Agadas da mutanen wurin. In sun ce a dakata, ku dakata.

Ku nemi jagora ɗan yankin, wanda ofishin yawon buɗe ido na Agadas ya san shi. Ku tambaye shi inda za a sha ruwa kowace rana, ku ji ko yana kiran wuraren da sunansu ba tare da inda-inda ba. Ku tambaya ko yana da Thuraya, wayar nan mai aiki da tauraron ɗan'adam, domin layin salula yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu. Ku yi ciniki a fili: ladansa, abinci, jakunan da za su ɗauki ruwa da kaya, da wanda zai biya in kwanaki sun ƙaru. Ku biyar ne, in kun raba ba zai yi muku nauyi ba, kuma kuɗin a gida zai tsaya. Ku sani cewa tsofaffin hanyoyin hawa Bagzan na ƙafa da jaki ne, a wurare da dama ku ne za ku saɓa keken a kafaɗa, don haka ku zo da takalmin da ke riƙe dutse. Lokacin tafiya Nuwamba zuwa Fabrairu ne, da bargo mai kauri, domin daren Abzin a Janairu yana iya sa ruwa ya daskare a kwano.

Kafin nan, ku gwada kanku a ƙofar gida. Tuddan Adar, wajen Keita da Bouza, ba su kai mita 1,000 ba, amma suna da hawa da gangara da tsakuwa irin wadda za ku tarar a gaba. Ku yi tafiyar kwana biyu a can da duk kayan da kuke niyyar ɗauka, ku auna litar ruwan da kowannenku ya sha, ku rubuta abin da ya lalace a kowane keke. Da wannan lissafin za ku zauna da jagoran a Agadas.