Amsa ga 'yar'uwar da za a shiga wa mahaifinta ta wuyan hannu don duba jijiyoyin jinin laka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ƙafafunsa sun yi wata takwas suna nauyi, fitsari ya fara ƙwace masa, hoton MRI ya nuna jijiyoyin jini sun kumbura a jikin lakar bayansa, likita kuma ya ce ta wuyan hannu zai shiga. Kina tambaya me ya haɗa hannu da gadon baya, kuma ko gwaji za a yi da shi. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe a ɗakin da ake irin wannan aiki, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Yadda kika kwatanta ciwon, ya yi kama da wanda likitoci ke kira fistula ta rigar laka. Kada sunan ya ruɗe ki, ba ruwansa da yoyon fitsari. Wata 'yar jijiya ce mai kawo jini take haɗewa kai tsaye da mai mayar da shi, sai jini ya cunkushe, laka ta kumbura, ƙafa ta riƙa mutuwa a hankali. Ya fi kama maza da suka haura hamsin, kuma sau da yawa sai an gama yi wa mutum maganin ciwon baya ko na mafitsara kafin a gano shi. MRI yana nuna alama ne kawai. Ainihin wurin haɗuwar sai an zura siririn bututu cikin jijiya, an tura ruwan da ke haska ta a hoto.

Shiga ta hannu ba sabon abu ba ne. Wani likita a Montreal ta Kanada, Lucien Campeau, ya bayyana duba jijiyoyin zuciya ta nan tun 1989, yau kuma likitocin zuciya da yawa sun fi son wannan hanya. Masu aikin ƙwaƙwalwa da laka daga baya suka biyo. Jijiyar da ake jin bugun jini a wuyan hannu tana hawa har ƙarƙashin kafaɗa ta faɗa babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, ita kuwa ta gangara ta gaban kashin baya tana ba kowace gaɓa reshe dama da hagu. Kin ga hanyar ke nan. Idan ƙasa za a gangara an fi zaɓar hannun hagu, don ya fi kusa.

Amfanin da na fi gani shi ne bayan aiki. Wanda aka shiga masa ta matsematsi sai ya kwanta rigingine awa huɗu zuwa shida bai lanƙwasa ƙafa ba, ga dattijo mai ciwon baya da matsalar fitsari wannan wahala ce babba. Ta hannu kuwa, madauri ake ɗaura masa na kamar awa biyu, yana zaune yana shan shayinsa. Jini ma in ya ɓalle a hannu ana gani nan take a danne, na matsematsi yana iya taruwa a ciki ba a sani ba. Mai ƙiba sosai, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda jijiyoyin cinyarsa suka toshe, duk hannu ya fi musu. Haka idan an kifar da mutum ana masa tiyata a baya, hannun yana kusa, a ɗauki hoto a tabbatar an rufe wurin kafin a ɗinke.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, a aikin laka har yanzu matsematsi ce hanyar da aka fi sabawa. Rassan da ake bi ɗaya bayan ɗaya sun haura ashirin, kuma daga hannu zuwa ƙugu tafiya ce mai nisa. Na taɓa tsayawa kan wani dattijo dogo, muka bi rassan haƙarƙari lafiya, da aka zo na ƙugu bututun ya ƙi zama, likita ya koma ta matsematsi, a can aka samo ciwon. 'Ya'yansa sun tsorata sun ɗauka aiki ya ɓaci, alhali abin da ya kamata ya yi ke nan. Jijiyar hannu kuma takan tsuke don an taɓa ta, shi ya sa ake zuba magani mai buɗa ta da na hana daskarewar jini, wani lokaci takan toshe daga baya, galibi ba tare da mutum ya ji komai ba saboda akwai ta biyu da ke ciyar da hannun.

In ni ne a matsayinki, ba zan tsaya jayayya kan ƙofa ba. Zan tambayi likita sau nawa ya yi aikin laka ta hannu, ko ya shirya matsematsi in hannu ya ƙi, da kuma ko zai nemo jijiyar Adamkiewicz kafin ya zuba abin toshe wurin haɗuwar. Ita ce babbar mai ciyar da ƙasan laka, yawanci daga hagu take fitowa wajen haƙarƙarin ƙasa. Idan reshe ɗaya ne ke ciyar da ita da ciwon, ba a zuba gam ko Onyx (wani ruwan toshe jijiya), tiyata ake yi a datse jijiyar. Likitan da ya ce tiyata bayan ya duba, ba gazawa ya yi ba.

Ku faɗa musu idan Baba yana da ciwon ƙoda ko sukari, da duk maganin da yake sha. Kada wani ya yi masa allurar sitiroyid a kemis don rage kumburi, an sha ganin ta tsananta wannan ciwo. In hannun hagu aka yi amfani da shi, a samu ɗa namiji ya taimaka masa wajen tsarki ranar farko, kuma kada ya dogara da hannun wajen tashi ko riƙe sanda na kwana biyu zuwa uku. Hannu ya yi sanyi, ya kumbura ko ya canza launi, ku koma asibiti nan take.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne wata takwas ɗin nan. Ƙarfin ƙafa yakan dawo a hankali cikin watanni tare da gashin ƙashi na asibiti, riƙe fitsari ya fi jinkirin dawowa, kuma duk daɗewar da aka yi tana rage abin da za a ceto. Ku karɓi ranar da suka ba ku. In an fito, ki rubuto mana reshen da aka samu ciwon a ciki.