Ƙanena, kan wannan jerin kwasa-kwasan da ya rikita ka

Salam ƙanena, ya gida ya su Umma. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce ka buɗe shafin kwalejin da ta ba ka gurbi a Amurka ka ga kwasa-kwasai kamar ba za su ƙare ba, falsafa, kiɗa, ilimin taurari, Latin, har da rawa, amma ka duba sama da ƙasa babu likitanci babu lauya babu akanta, kuma Baba ya ce tunda sunanta kwaleji kar ka je ka ɓata shekara huɗu ka dawo da abin da bai wuce NCE ba. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a mota, don kusan kalmomin da aka faɗa min kenan lokacin da zan taho.

Ka kwantar wa Baba da hankali. A Amurka kwaleji irin taka digiri take bayarwa, na shekara huɗu, daidai da na jami'a. Irin waɗannan da suke kira liberal arts ƙanana ne kawai, yawanci ɗalibai dubu biyu ko ƙasa da haka, kuma digirin farko suka fi mayar da hankali a kai. Kofi Annan a irin wannan kwaleji mai suna Macalester ya gama a 1961, can jihar Minnesota, tattalin arziki ya karanta. Obama ya yi shekara biyu a Occidental kafin ya koma Columbia. Wanda ya kafa jami'ar Ashesi ta Ghana, Patrick Awuah, a Swarthmore ya yi. Ka faɗa masa na Kofi Annan ɗin, na san shi zai fi shigar shi, mai sauraron rediyo ne.

To abin da ya ruɗa ka shi ne mu mun saba tun a fom ɗin JAMB mutum yake zaɓar kwas ɗinsa, in an ba shi kemistiri to kemistiri ne har ya fita, sashe ne yake tsara maka komai kai dai ka zo lakca. Nan makaranta ce take ɗaukar ka, ba sashe ba. Wannan dogon jerin da ka gani kamar kasuwar Kurmi ne, ba a ce ka saye ta duka ba. A yawancinsu kwas huɗu ake ɗauka a zango, zango biyu a shekara, kaga 32 kenan kafin ka fita. A ciki wajen goma zuwa sha biyu ne na fannin da ka zaɓa, shi suke ce wa mejo, kuma sai wajen ƙarshen shekara ta biyu za a ce ka bayyana shi. Sauran kuwa ana so ka ɗan taɓa kowane ɓangare, na kimiyya da lissafi, na zamantakewa irin su tattalin arziki da siyasa, da na adabi da harsuna da tarihi. Wasu ma ba sa tilastawa, Amherst da Grinnell kusan sakin ka suke ka zaɓi abin da ka ga dama bayan kwas ɗin shekarar farko. Akwai Colorado College da suke yin kwas ɗaya tal na sati uku da rabi, a gama a shiga wani. Don haka kar ka ɗauka abin da na faɗa shi ne na taku daidai, ka karanta dokar makarantarku.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Wannan 'yancin yana da daɗi amma yana cin mutum, musamman mu baƙi. Ɗan ƙasa in ya yi wasa da shekara biyu yana ɗanɗana wancan yana ɗanɗana wannan, ya ƙara zango ɗaya iyayensa su biya. Kai tallafin karatunka yawanci zango takwas ne, in ya ƙare ya ƙare. Ka lura da lambobin da ke gaban kowane kwas, na 100 na masu farawa ne, 200 tsaka-tsaki, 300 da 400 na manya, kuma a ƙasan bayanin za ka ga an rubuta kwas ɗin da dole sai ka yi kafin a bar ka ka shiga. Kimiyya tsani ce, in ba ka taka kalkulas da kemistirin farko a shekarar farko ba to komai naka ya ja baya. Sannan ƙaramar makaranta malamai kaɗan ne, wani kwas ɗin sai bayan shekara biyu ake maimaita shi, in malamin ya tafi hutun bincike shi kenan. Ni abin da ya same ni kenan, akwai wani kwas na kididdiga da nake buƙata, na ce bari sai baɗi, baɗi ta zo babu shi a jeri, sai da na yi ta zarya ofishin shugaban sashe kafin aka yarda na maye shi da wani, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Maganar likitanci kuma gara ka ji ta daga bakina. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare kamar yadda ake shiga MBBS a ABU ko BUK. Sai ka gama digirin farko, a ciki ka yi bayoloji da kemistiri da fiziks da ake buƙata, ka rubuta jarrabawar MCAT, sannan ka ƙara shekara huɗu a makarantar likitanci. Shi ya sa ba ka gan shi a jerin ba, haka lauya ma, sai bayan digiri ake yin shekara uku. Kuma makarantun likitancin da suke ɗaukar baƙo kaɗan ne, kuɗin kuma ba a magana. In zuciyarka ta kafe a kan sai ka zama likita ba wani abu ba, ni dai a ganina shekara shida a gida ta fi maka kusa, na san ba haka ka so ji ba. Injiniya da ɗan sauƙi, Swarthmore da Smith suna da shi, wasu kuma suna da yarjejeniya ka yi shekara uku a wurinsu biyu a wata jami'a kamar Columbia, sai dai ka tambaya ko tallafin zai bi ka can, don ba lallai ba ne.

Wani abin da ba a rubuta a jerin ba shi ne mejon da ka zaɓa yana shafar zamanka bayan ka gama. Mai bizar ɗalibi ana ba shi wata 12 ya yi aiki, shi ne OPT, amma in fanninka yana cikin na kimiyya da fasaha da lissafi ana ƙara maka wata 24. Shi ya sa za ka ga yaranmu suna haɗa biyu, kwamfuta da tarihi, ko lissafi da siyasa, ɗaya na neman abinci ɗaya na zuciya. Ni lissafi da tattalin arziki na haɗa.

Amma fa kar ka ji na ce haka ka raina sauran kwasa-kwasan, don wanda ya fi canja ni ba na fannina ba ne. Na shiga wani na tarihin Afirka ta Yamma ne kawai don in cike gurbi, a raina na ce wannan ai banza ta faɗi, me Bature zai koya min a kan Sakkwato. Mu sha ɗaya ne a aji, zagaye da teburi ɗaya, ba allo ba dogon bayani, an ba mu shafi kusan tamanin mu karanto. Malamar ta juyo ta ce min, kai me ka gani a hujjar marubucin nan kan jihadin 1804, ka yarda da shi? Na buɗe baki na fara zuba mata shekaru da sunayen masu tuta yadda muka haddace a sakandare, ta bari na gama tsaf sannan ta ce ta san wannan, ra'ayina take tambaya. Wallahi gumi ya keto min ana tsakiyar sanyi. Ban taɓa sanin ana iya ce wa littafi ban yarda ba. Takardata ta farko ta dawo ja-wur da biro, sai da na koma ofishinta sau uku, kuma a nan ka sani malami yana da awannin da yake zaune ƙofa a buɗe don ɗalibai kawai, ba sai ka yi kame-kame a bakin ƙofa ba, ka shiga abinka. Rubutun da nake ci da shi a wurin aiki yau a wannan ajin na koye shi.

Shawara ɗaya kan zangon farko, kar ka kwashi kwas huɗu masu karatu da rubutu duka, za ka haukace, haka kar ka kwashi huɗu masu dakin gwaji. Ka gauraya, biyu na lissafi ko kimiyya, ɗaya na rubutu da dama dole ne, ɗaya kuma abin da ranka ke so. Satin farko ko na biyu ana barin mutum ya sauke kwas ya ɗauki wani, ka yi amfani da shi, amma kar ka sauka ƙasa da cikakken lodi ba tare da ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba, don bizarka a kansa take rataye. In suna da Larabci ka gwada jarrabawar tantancewa, da karatun islamiyyarka ƙila su tsallakar da kai ajin farko, kodayake ka shirya, magana za a sa ka yi ba i'irabi ba.

Ka turo min hoton shafin lissafi da na kwamfuta da na bayoloji, da wurin da suka rubuta sharuɗɗan kammalawa, ranar Asabar bayan azahar ɗinku zan kira mu zauna mu jera zango takwas ɗin a takarda. In Baba yana gida ka ba shi wayar ni zan yi masa bayani. Ka gaida Umma, ka ce yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.