Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Darɓa ce ke Yaɗa Kuturtar Gyaɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Kumo, Jihar Gombe. A daminar bara gyaɗata ta yi kuturta a gefen gona, ganye ya murɗe ya yi rawaya, shukar ta tsugune ba ta zuba 'ya'ya ba. Yayana ya ce daga iri ne, malamin gona kuma ya ce darɓa ce. Idan darɓa ce, me ya hana fara da sauran ƙwarin da ke cin ganyen su yaɗa ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Malamin gonarka ne ke da gaskiya, domin kuturtar gyaɗa ba ta bin iri. Ita ce ta halaka gyaɗa a kusan hekta 700,000 a Arewacin Najeriya a shekarar 1975, kuma darɓa ce ta yi mata dako daga gona zuwa gona.

Amsar tambayarka tana cikin rigar furotin da ke lulluɓe da ƙwayar bairas. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su haifar da wannan cuta: bairas ɗin kuturtar kansa, da wani guntun sinadarin gado da ke raɓe da shi, wanda shi ne ke jawo rawayar da ka gani, da kuma wani bairas na daban da masana ke kira mataimaki. Abin mamaki shi ne, bairas ɗin kuturtar ba shi da rigar kansa, sai ya ari ta mataimakin ya shiga ciki shi da abokin tafiyarsa.

Rigar nan dunƙulalliya ce mai fuskoki 20, kuma a bayanta akwai wasu 'yan rassan furotin da suka tsiro waje. Idan darɓa ta soka tsinken bakinta cikin jijiyar ganye ta zuƙi ruwa, siffar rigar ce ke dacewa da bangon hanjinta kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwado, sai ƙwayar ta ratsa hanjin ta shiga ruwan jikin ƙwaron, daga nan ta isa inda yawu ke fitowa. Darɓar da ta ɗauka za ta yi kwanaki tana tofa cutar a duk shukar da ta sauka a kai. Fara kuwa tauna ganye take yi, kuma hanjinta ba shi da wannan kwadon, saboda haka ƙwayar ba ta da mashiga a jikinta. Shukar da ta kamu amma babu mataimakin a cikinta za ta lalace, sai dai darɓa ba za ta iya kwasar cutar daga gare ta ba.

A ganina, feshi bayan ganye ya riga ya murɗe asarar kuɗi ce kawai. Ka yi shuka da zarar damina ta kankama, ka matse tazarar ramuka, domin darɓa ta fi sauka a gonar da ƙasa ke bayyana tsakanin shuke-shuke, ka kuma tuge gyauron gyaɗa da ke tsirowa da rani, inda cutar ke fakewa. Ka nemi irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar mai jure kuturta, kamar SAMNUT 24.