Me ya sa ba a jin muryata a zaɓen fidda gwani?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Zariya, kuma ban taɓa fashin zaɓe ba. Amma duk lokacin fidda gwanin shugaban ƙasa raina ɓaci yake yi. Rediyo da jaridu ba su da labari sai wane ya kai wa wane ziyara, wane zai janye wa wane. Kafin a zo kanmu an gama komai. Laifin 'yan jarida ne ko na jam'iyyu?

Amsa: Malama, ɓacin ranki yana kan hanya, kuma tushensa na cikin tsarin zaɓen kansa.

Mu duba 2022. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista don zaɓen 2023 a Najeriya, amma waɗanda suka fitar da 'yan takarar manyan jam'iyyu biyu 'yan dubbai ne kawai. PDP ta ɗauki daliget ɗaya, wato wakili mai jefa ƙuri'a a madadin 'yan jam'iyya, daga kowace ƙaramar hukuma, APC ta ɗauki uku. A Abuja Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237, bayan Aminu Tambuwal ya janye wa Atiku a filin taron. A APC Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. A lokacin, fom ɗin takara kaɗai naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP.

Majalisa ta so ta wajabta 'yar tinƙe, wato kowane ɗan jam'iyya ya zaɓa da kansa, amma Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a Disamba 2021. Dokar da ya amince da ita a Fabrairu 2022 ta bar wa jam'iyya zaɓi: 'yar tinƙe, daliget ko maslaha. To idan ƙuri'a tana hannun daliget, daliget kuma yana hannun gwamna, dole ɗan takara ya bi gidajen gwamnati, ɗan jarida kuma ya bi bayansa.

Wannan bai wanke mu 'yan jarida ba. Ki tuna tallafin man fetur. Tinubu ya cire shi ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu 2023, kuma babu gidan da abin bai taɓa ba. Nawa ne cikin shirye-shiryen da kika saurara lokacin fidda gwani suka tsare 'yan takara kan yadda talaka zai yi idan aka cire? Wannan gazawa ce mai ciwo. Ga kuma abin da masu sauraro da yawa ba su lura da shi: yawancin filayen da sojojin baka ke cika da yabo da zagi sayen su ake yi, talla ne ba labari ba.

Shawarata ita ce ki yanki katin jam'iyyar da kika yarda da ita, domin shugabannin jam'iyya daga taron mazaɓa suke fitowa, kuma mutane kaɗan ne ke halartarsa. Idan an buɗe layin waya a rediyo, ki kira da tambaya guda takamaimai, kan albashin malamai ko kuɗin mota, ki nemi mai gabatarwa ya sa baƙonsa ya amsa ta kafin a wuce.