Ko wayar hannu ta isa a saka unguwa a taswirar OpenStreetMap?

Malam, ka tambaya ko wayarka kaɗai za ta isa ka saka lungunan unguwarku a OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke ginawa tun shekarar 2004. Za ta isa. Ka kunna GPS, wato tsarin da ke nuna inda kake, a manhajar taswira irin OsmAnd, ka tsaya a fili har alamar wurinka ta daina rawa, sannan ka bi kowane lungu a ƙafa, zuwa da dawowa, domin a tsakanin dogayen katangu waya takan kauce da mitoci da dama. Ka rubuta masallaci, kasuwa da rijiyar burtsatse da sunan da mazauna wurin suke kiransu. Ina roƙonka kada ka kwafi komai daga Google Maps, domin sharuɗɗansu sun hana, kuma idan aka gano za a goge aikinka.