Tambaya da Amsa: Man kanumfari yana kashe ƙwayoyin cuta?

Tambaya: Malam, na sayi ƙaramar kwalbar man kanumfari a kasuwar Dole saboda ciwon haƙori, mai saidawa ya ce wai yana kashe ƙwayoyin cuta, har ma a ɗiga wa yara a ruwa su sha. Gaskiya ne? Daga wata uwa a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, rabin maganar tasa gaskiya ce. Da tururi ake tatso wannan man, kuma mafi yawansa, wajen kashi 70 zuwa 90 cikin 100, wani sinadari ne da ake kira yujinol, shi ke sa wurin ya mutu ki daina jin zafi, kuma a ɗakin gwaji an ga yana lalata fatar jikin ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya har su mutu, shi ya sa likitocin haƙori suka daɗe suna aiki da shi.

Amma batun ba yara su sha, don Allah kar ki yarda. Man nan ƙarfinsa ya wuce na kanumfarin da kike sa wa kunu nesa ba kusa ba, kaɗan ma yana iya taɓa hantar yaro. Ke ma ɗigo ɗaya ki gauraya da man zaitun a auduga, zallarsa yana ƙone dasashi. Kuma ramin haƙorin yana nan fa, in kumburi ko zazzaɓi ya zo ki tafi likita ranar.