Ɗana ya kasa zama wuri ɗaya a aji

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga unguwar Zariya nake rubuto miki, nan Maradi. Ɗana na fari shekararsa 8, bana yake maimaita CE1, aji na uku na firamare. Tun yana CI, ajin farko, mushe (malamin ajinsu) ke aiko mini da ƙara: ba ya zama kan benci, yana tsoma baki kafin a gama tambaya, biro da littafi kullum sai sun ɓace. A makarantar allo ma haka, malam ya ce kamar an zuba masa garwashi a wando. Babansa ya ce iskanci ne, ya sa bulala. Kakarsa ta ce iska ce, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Amma in ya zauna haɗa motar gwangwani, sai ya yi awa biyu bai ɗaga kai ba. Shekaranjiya ya ce mini, "Inna, ni daƙiƙi ne ko?" Na rasa abin cewa. Yaya zan yi?

Uwar yaro, Maradi

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki fara da amsa masa tambayarsa yau: a'a. Daƙiƙi ba ya ƙera mota da gwangwani.

Ban ga yaron ba, kuma ni ba likita ba ce, amma bayaninki ya yi kama da larurar da ake kira TDAH da Faransanci, ADHD da Turanci: wahalar tsai da hankali, tare da ƙiriniyar da ta wuce kima. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya na da ita, kuma gado na da babban hannu a ciki. Ki lallaɓa ki tambayi surukarki yadda babansa ya yi ƙuruciya, wataƙila ki sha dariya. Likitoci na duba ko alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya. Naki ga lakwal, wato makarantar boko, ga makarantar allo. Zancen motar gwangwani kuwa kada ya ruɗe ki. Irin waɗannan yara sukan nutse cikin abin da ya ja ransu, kwafar rubutu daga allo ce ke gagararsu.

Ki kai shi wurin likitan yara a duba ido, kunne, barci da ƙarancin jini, don su ma suna sa yaro ya kasa bin darasi. Akwai magani, amma likita kaɗai ke rubuta shi. Ban da na 'yan tebur.

Addu'a a ci gaba da yi. Bulala ce nake so a ajiye. Shekara nawa ana dukansa, me ya sauya in ba tambayar nan da ya yi miki ba?

Sannan ki je wurin mushe da kanki, ba da faɗa ba, mutumin da ke fama da aji cike maƙil shi ma abin tausayi ne. Ki roƙe shi ya zaunar da yaron a gaba, nesa da taga, ya riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci guda. In ya ga ya fara mutsu-mutsu, ya aike shi goge allo ko rabon littattafai. In ya yi daidai a yaba masa nan take, ko da minti biyar ya zauna. A gida, karatun minti goma, hutu, a sake, kuma ku haɗa jakarsa tare tun da dare.

Babansa kuma, ki ja shi ku je asibitin tare. Abin da bai ji daga bakinki ba zai fi jinsa daga bakin likita.

Gwaggo